Walimar Aminin Buda

Duk kwarin Swat babu wanda ya san Buda kamar Bakht Rawan, mataimakin shugaban gidan tarihinmu. Shi da bakinsa ya tabbatar mana, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in akwai masu sauraro. Ya san kowane gunki tun daga tsinin hanci har ɗan yatsan ƙafa, shi ya sa muke ce masa Aminin Buda. Mu da kakanninmu suka yi ta niƙa barkono a kan gumakan da garma ta tono, wa ya isa ya musa masa?

Sai ga labari wai limaman addinin Buda za su zo daga Tailan, masu rai, da mayafansu ruwan goro. Aminin Buda ya rantse a gidansa za su ci abinci. A wurinmu, baƙo ya fita da yunwa abin kunya ne da har jikoki ke gada. Aka kayar da raguna, mata suka hau murhu tun asuba, ƙamshi ya hana unguwa sakat.

Da hantsi a gidan tarihin ya tsayar da baƙin gaban gunkin Buda mai azumi, wanda haƙarƙarinsa duk a waje.

"Ku dubi cikin nan!" in ji shi. "Ni na fara fahimtar yunwa a jikin dutse. Turawa ma ni suke tambaya."

Tafinta ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, rana fa tana..."

"Ta jira! Ilimi ake zubawa."

Limaman suka yi ta satar kallon taga, shi kuwa ya ɗauka ilimin ne ke ratsa su. Ya ja su kan fasassun tukwane, ya dawo da su kan kawuna marasa gangar jiki. Bai rufe baki ba sai da aka kira azahar.

A gida aka jera akusa. Babban limamin ya haɗa tafukansa, ya yi murmushi.

Tafinta ya ce, "In rana ta raba tsaka ba sa cin komai sai gobe. Ruwa kawai za su sha."

Babu gunkin da ya taɓa gaya wa Aminin Buda haka. Ya roƙa, ya kama haɓar tsohon, ya tuɓe hula ya ajiye a gabansa. Tsohon ya sha ruwa, ya sa albarka, suka tafi. Mu maƙwabta tausayi ya kama mu ƙwarai, muka zauna muka taya shi baƙin ciki har ba mu bar ko ƙashi ba.

Sai mahaifiyarsa ta ɗaga labule.

"Bakht Rawan, mutumin da ya harbi kakanka ma sai da ya ƙoshi a gidan nan kafin ya fita. Amma fa shi kakan naka bai yi makaranta ba."