Kakan Alhaji Tanimu Mai Kunne Biyu

Wani mutum ne a Funtuwa, Alhaji Tanimu mai labule, amma a gaban idonsa kaɗai ake kiransa haka. A bayan ido Na-Sani ake ce masa. Ko wane labari ka ɗauko, kafin ka kai tsakiya zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Ka ce saniya ta haifi ɗan maraƙi mai kai biyu a Bakori, zai ce ai shi ya riƙe mata ƙafa. Ka ce jirgin sama ya sauka da taya ɗaya, zai ce matuƙin abokinsa ne, shi ya yi ta ba shi shawara ta waya. Mutumin kirki ne fa, hannunsa a sake. Bakin ne kawai ba birki.

Bayan rasuwar matarsa da shekara uku sai idonsa ya faɗa kan Malama Tasalla, shugabar wata firamare, wadda ita ma mijinta ya rasu. Tanimu ya kamu, kamun da har tuwo ya daina yi masa daɗi. Da ya gabatar da kansa ta ce, "Alhaji, ni ban ƙi ba. Amma sai kawuna da yayana sun zo gidanka sun ji asalinka. Abin da suka ce shi ne."

Asalin kuwa ba abin kunya a cikinsa. Mahaifinsa, Malam Ɗanjuma, goro ya yi shekara arba'in yana sayarwa a tasha, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sai dai a wurin Tanimu wannan asali ya yi ƙanƙanta.

Ya tafi Kano sayen kujeru wajen masu kayan Beljiyam, wato gwanjon kayan Turai. An gama ciniki, mai shago ya jawo wani ƙaton hoto daga bayan firji, ya kaɗe shi fau-fau, ya ce, "Alhaji, ga gyara. Ya tare min wuri."

Zane ne irin na Turawan da. Ga duwatsu can nesa, kansu fari fat. Ga kogi yana murɗawa, ga itatuwa jibga-jibga, ga wasu ginshiƙai a karye ciyawa ta cinye su. A ƙasa ta gefen dama mutane uku ne 'yan ƙanana. Wani saurayi da ɗan mayafi a kafaɗa yana kaɗa wani abu mai tsirkiya. Wani gajere mai gemu yana busa sarewa, ƙafafunsa buzu-buzu. Na ukun yana zaune a kan dutse cikin jar alkyabba, wasu abubuwa biyu sun miƙe cirko-cirko a kansa. A can kusurwa an rubuta 1764.

Tanimu ya zura wa na ukun ido. Rawani mai kunne biyu, irin na 'ya'yan sarki. Ya ce a ransa, "Shi ke nan, na samu kaka."

Ranar Asabar bayan azahar baƙi suka iso. Kawu Barau tsoho ne mai sanda, kunnensa ya ɗan yi nauyi, ba ya wasa da magana. Tare da shi wani siriri cikin koɗaɗɗiyar shadda, shi ya tuƙo motar. Tanimu ya rungume Kawu, ya dubi siririn ya ce, "Malam direba, shigo mana, abinci ya ishi kowa."

Siririn ya yi murmushi ya shigo. Dakta Shitu ke nan, yayan Malama Tasalla, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da zane a jami'a. Ya zauna ya ja kwanon dambun nama gabansa.

Hoton na rataye a tsakiyar falo, an goge shi ƙyal-ƙyal. Tanimu ya yi ta tari yana kallon bango har dai Kawu ya ɗaga kai.

"Wannan fa, Alhaji?"

"Af, Kawu, ban so ma kuka gani ba, ni ba na son nuna kai. Gonar kakan kakana ce. Wani Bature ya ratso Sahara a kan raƙumi, ya yi wata bakwai a gidanmu yana zana ta. Ga shekarar nan a rubuce."

Kawu ya gyara tabarau. "Ba kai ne ɗan Ɗanjuma mai goro ba?"

"Ni ne. Baba gudun duniya ya yi. An kawo masa rawani sau uku yana mayarwa."

"Ikon Allah. To wane kogi ne wannan? Ni ban san kogi haka a ƙasar nan ba."

"Ya ƙafe, Kawu. Dawakinmu suka shanye shi."

Dakta Shitu ya haɗiye dambu ya ce a hankali, "Alhaji, wancan farin da ke kan duwatsu, kamar ƙanƙara."

Tanimu ya yi dariya har da buga cinya. "Malam direba ke nan. Ƙanƙara a Funtuwa? Auduga ce. Shekarar an yi albarka, rumbuna suka cika, sai a kan dutse aka shanya ta."

"Na gane. Ginshiƙan nan da suka karye fa?"

"Zauren baƙi ne. Giwar kakanmu ta soshe jikinta a wurin."

Kawu ya nuna saurayin da sanda, fuskarsa a murtuke. "Wannan me ya sa ba riga?"

"Maroƙin gidanmu ne. Lokacin bazara aka yi zanen."

"Wannan mai ƙafar akuya fa?"

"Warki ne, Kawu. Makiyayinmu ne. Fatar ce ta kama shi tsam."

Kawu ya jinjina kai. Tanimu ya ga kasuwa ta buɗe. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya je ya tsaya daidai gefen hoton, ya ɗora yatsa kan mai jar alkyabba.

"Ga shi nan, shi ne tushenmu. Ku dubi kansa da kyau. Kunne biyu. Ba kowa ake bari ya yi wannan ba. Mu a gidanmu gado ne, daga uba sai ɗa, ba ya tsallake kowa. Ni kaina ina da nawa, ɓoyewa nake yi saboda bakin mutane. Duk ɗan da Allah ya ba ni da Malama, da nasa zai tashi. Na rantse."

Dakta Shitu ya wanke hannu, ya taso. "Alhaji, ka yarda in duba bayan hoton?"

"Duba, amma a hankali. Ya girmi kakanka."

Ya sauke shi ya juya. Akwai wata takarda manne a baya da rubutun Faransanci. Ya karanta shar-shar kamar mai karanta wasiƙar gida. Tanimu ya zaro ido.

"Malam direba, ashe ka yi boko?"

Kawu ya ce, "Wane direba? Shitu ne, yayan Tasalla. Aikinsa ke nan, hotuna."

Tanimu ya buɗe baki zai ce ya sani, maganar ta maƙale.

Dakta ya jingina hoton a kujera. "Shekarar gaskiya ce, Alhaji, a lokacin aka zana na asalin, can Turai. Wannan kwafi ne da inji ya buga. Labarin kuma tatsuniya ce ta Girkawan da. Wai gasar kiɗa aka yi tsakanin wannan saurayi, wanda suka ɗauka ubangidan kiɗa ne, da wannan mai sarewa, wanda rabinsa mutum rabinsa bunsuru. Kowa ya ce saurayin ya yi nasara. Sai wannan sarki, da ba wanda ya tambaye shi, ya yi tsalle ya ce shi ya fi kowa sanin kiɗa, mai sarewa ne gwani."

Kawu ya kara hannu a kunne. "Sai aka yi yaya?"

"Sai saurayin ya ce kunnen da ya ji haka bai dace da mutum ba. Ya kama kunnuwan sarkin ya ja, ya ja, har suka koma na jaki."

"Na me?"

"Na jaki, Kawu. Matso ka gani. Ba rawani ba ne. Ga gashi nan a ciki."

Kawu ya matso da sandarsa ƙwas-ƙwas, ya kai hanci dab da gilashi. Ya daɗe yana kallo. Tanimu ya yi wuƙi-wuƙi, gumi na bin gemunsa. Ya kai hannu ya danna hularsa ƙasa ba tare da ya san ya yi ba.

Ya ce, "Kawu, wato, ai dangin nesa ne. Ta wajen uwa. Ba ma zumunci sosai."

Kawu Barau ya juyo. Ba dariya a fuskarsa ko ɗis, don shi ya ɗauki maganar da gaske. Ya dubi hoton, ya dubi Tanimu, ya sake duban hoton.

"Alhaji, kai ka rantse cewa gado ne, kuma kana ɓoye naka. Ni amana aka ba ni, ba zan koma gida da rabin bayani ba." Ya ɗaga sanda ya nuna kansa. "Ɗan cire hular mu ga tsawonsu."