Shamuwar Gidan Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai baƙuwa garinmu kallon shamuwa ba. Ko yanzu in na tuna, sai in ji kamar in tona rami in shige.

Wata malama ce ta zo daga Yamai, aikinta bin tsuntsaye daga tabki zuwa daji tana ƙirga sheƙunansu. Ta biyo ta buronmu, wato ofishinmu, a Maradi tana tambayar inda shamuwa ke sauka, ga damina ta ƙarato. Ba wanda ya tambaye ni fa. Ni da bakina na ce, "Malama, faɗuwa ta zo daidai da zama. Tsamiyar ƙofar gidanmu a Gangara, tun kafin a haife ni shamuwa ke sheƙa a kanta. Babana ba ya fid da iri sai ya ga sun sauka."

Duk gaskiya na faɗa. Abin da na ɓoye shi ne rabona da gida shekara uku. (Waya nake bugawa, a ganina na sauke nauyi ke nan.)

A mota na cika mata kunne. Na zama shehin malamin tsuntsaye. Na gaya mata a garinmu ko mai danƙo ba ya harbin shamuwa, wanda kuwa ya taɓa ƙwanta sai ya gamu da dattawa. Har madubin hangen nesanta na ara na rataya a wuya, don mutanen garinmu su san ɗansu ya ci gaba.

Muna shan kwana na miƙa yatsa. "Ga ta ca..." Yatsan ya tsaya a iska. Babu tsamiya. Ɗakin siminti ne tsaye, kwanonsa yana ƙyalli, ga kututture a gefe an ɗaure akuya.

Ɗakina ne. Ni na sa a gina, don in riƙa sauka in na zo. Nan take na tuna: bara waccan ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, magini ya ce itace ya tare wurin." Ina tsakiyar aiki, na ce, "Ku sare mana, itace ne zai hana gini?" Na kashe waya. Wallahi ban ko tambayi wane itace ba.

Baba na zaune kan tabarma a ƴar inuwar bangon, ya rame sosai. Muka durƙusa muka gaishe shi, aka kawo fura. Ina ta addu'a a zuci kada malama ta yi tambaya. Ina, ai aikinta ya kawo ta.

"Baba, ina shamuwar?"

"Sun zo, ƴata," in ji shi. "Shekarar da aka sare, kwana uku suna kewaya gidan nan, suka rasa wurin sauka, suka wuce. Bara ma sun leƙo. Bana dai shiru."

Ya ɗan nisa. Bai kalle ni ba, kuma ba faɗa yake ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Da aka ce shi ya ce a sare, ban hana ba. Na ce in ɗaki zai riƙa kawo shi gida, shamuwa ta yi haƙuri. To, su dai sun zo sau biyu."

Malama ta rufe littafinta a hankali. Ni kuwa ga ni tsugune da madubin aro a wuya kamar kandun tunkiya, na rasa yadda zan cire shi. Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya fi ta. Da yamma muka juya, na yi wa Baba alkawarin dawowa bayan girbi in kwana biyu.

Bai kai girbi ba. Kwanan farko da na yi a ɗakin nan, na zaman makokinsa ne.

Na dasa wata tsamiyar kusa da kututturen, yanzu ta kawo mini gwiwa, akuya ma raina ta take. An ce sai na tsufa kafin ta iya ɗaukar sheƙa. Na dai koyi abu biyu, a makare kamar yadda na saba: in aka ce mini "itace", sai na tambayi wanne, in damina ta ƙarato kuma, ba na bari tsuntsu ya riga ni zuwa gida. Sai dai mai jiranmu, ni da shamuwa, ba ya nan.