Rasuwar Ɗan Tagwayen Masana'antar Roba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai mai cike da hayaƙin ƙonanniyar roba, babban makaniken wannan masana'anta, wanda kowa ke kira Kawu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Tagwaye. Marigayin ya cika ranar Talata da tsakar rana, a jikin bangon ofis inda ya yi rayuwarsa duka, yana da shekara uku da wata biyu. Ya rasu yana nuna kore, wato komai lafiya, a daidai lokacin da babban injin da aka ɗauke shi ya tsare ya gama cin wuta a ƙasa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, allo ne mai girman ƙyauren ɗaki, da kwamfuta a bayansa. A cikinsa an zana masana'antar nan gaba ɗaya, daga tankin ruwa na kan rufi har injin da ke narka roba yana tofo bokiti da baho. An bi injuna da bututu an manna musu wasu 'yan abubuwa kamar marfin kwalba, ma'aikata suka sa musu suna kunnuwa. Abin da kunne ya ji a ƙasa, shi marigayi ke nunawa a sama. In ƙarfe ya yi zafi a can, nasa ya yi ja a nan. Shi ya sa aka ce tagwaye ne: masana'anta ce babba, shi ne ƙarami.

Gaskiya ɗaya ce, ranar da aka kawo shi Kawu bai yi maraba da shi ba. Cewa ya yi an saya wa Manaja talabijin. Shekara goma sha tara yana jin ciwon inji ta hanyar ɗora sukundireba a jikinsa ya kara kunne, bai ga abin da gilashi zai koya masa ba. Sai wata safiya marigayi ya yi kukansa na farko, tit-tit-tit, ya ce boris ɗin famfo na biyu, wato ƙarfen da famfon ke juyi a kansa, zai tafi cikin kwana tara. Kawu ya je ya saurara, bai ji komai ba, ya dawo ya ce ƙarya ne. Ranar kwana na takwas boris ya tarwatse. Gani ya kori ji. Daga ranar, da hankicinsa yake goge masa fuska, kuma duk wanda ya taɓa allon da hannun maiƙo, ranar sai ya ji sunan kakansa.

Marigayi mutumin kirki ne, in an yarda a kira shi mutum. Bai taɓa makara ba. Bai taɓa neman hutu don surukarsa ta rasu karo na uku ba. Ba ya ɓoye sufana a aljihu, ba ya barci a bayan sito. Da safe gaisuwarsa ɗaya ce, tiiit, mai tsawo, daga nan sai aiki. Babban alherinsa kuwa gwiwoyin Kawu ne suka san shi. Matakala sittin da huɗu ce daga ƙasa zuwa rufi, inda famfon ruwan sanyaya inji yake. A da, sau biyu a rana Kawu ke hawanta. Da zuwan marigayi sai ya zauna a kujera mai juyi, ya ɗaga ido, ya ga rufin daga nan. Wanda bai kai hamsin ba ba zai gane girman wannan kyauta ba.

Sai dai marigayi da ciwonsa aka haife shi. Ubanni uku gare shi, kuma ba sa ga maciji da juna.

Na farko kamfanin da ya gina ginin. Da aka ce su kawo zanen bututu a saka wa yaro, sai suka kawo zanen da aka yi tun kafin a haƙa tushe. A cikin marigayi bututu ya miƙe ya yi hagu. A cikin bango kuwa magini ya ci karo da ginshiƙi, ya karya dama, ya kuma sa wanda ya fi siriri don shi ne ya samu a hannu ranar. Kawu ya rubuta musu sau huɗu yana neman zanen gaskiya. Amsarsu ɗaya: zane sirrin kamfani ne.

Na biyu waɗanda suka ƙera babban injin. Wannan inji kullum yana aika labarin lafiyarsa zuwa gidan masu shi, kowane minti, zafinsa da bugunsa da numfashinsa. Amma marigayi da ke hawa ɗaya a samansa, ko sannu ba ya ce masa. Kamar matar da ke kai ƙarar ciwonta gidan iyayenta, mijin da ke kwana ɗaki ɗaya da ita sai dai ya ji a gari. Da aka tambaye su, suka ce ba ya cikin yarjejeniya.

Na uku su ne suka haɗa marigayin da kansa. Su kuma ko ƙusa za a canja masa, sai injiniyansu ya zo da lambar sirri. Injiniyan nan kullum yana hanya. Kawu ya fara zargin a hanyar aka haife shi.

Haka yaro ya tashi tsakanin iyaye uku, kowa ya ƙulle abincinsa a ɗaki, yana kuma yabon yadda yaron ke ƙiba.

Jinyar ƙarshe ta fara ne wata goma sha huɗu da suka wuce. Kunnen da ke kan famfon rufi, rana ta dafa shi, ruwa ya jiƙa shi, tsuntsaye suka yi masa abin da suka saba, ya kurmance. Marigayi ya duba wurin zafin famfo ya ga babu komai, sai ya fasa kuka. Tit-tit-tit, tit-tit-tit, ba tsayawa, kwana uku. A rana ta huɗu manyan masu sayen kaya za su zo zagaya, kuma allon nan shi ne abin da Manaja ke fara nuna wa baƙi, tun kafin ya ba su kujera. Ya leƙo ofis ya ce, "Kawu, don girman Allah ka rarrashi ɗanka." Kawu ya ce kunne ne ya mutu, sai injiniya ya zo. Manaja ya ce, "Ni ban tambaye ka abin da ya mutu ba. Kore nake so in gani."

To, a gefen allon akwai wani ɗan gurbi da mutum zai iya rubuta lamba da hannu. Kawu ya ɗauki ma'aunin zafi, ya hau matakala, ya auna, ya sauko yana haki, ya rubuta talatin da takwas. Marigayi ya yi shiru, ya koma kore kamar ganyen damina. Baƙi suka zo suka yi ta jinjina kai.

Mako na farko kullum sai Kawu ya hau. Wannan a rubuta masa. Mako na biyu gwiwar hagu ta kumbura. Ya zauna ya yi tunani: jiya talatin da takwas, shekaranjiya talatin da takwas, famfo dai ba mahaukaci ba ne da zai canja hali a dare ɗaya. Sai ya ba marigayi lambar jiya. Marigayi ya karɓa da godiya, tit. Washegari ma haka. Mai jinya ya gane abin da majinyaci ke iya haɗiyewa, sai ya dinga ba shi shi kaɗai. Wata goma sha huɗu marigayi yana cin talatin da takwas safe da yamma, bai taɓa cewa ya gundure shi ba.

Har ma ya yi suna a kai. Rahoton ƙarshen shekara ya ce a duk masana'antun da ke da irinsa, babu famfo mai natsuwa kamar na rufin nan. Ubansa na uku ya sa hotonsa a takardar talla. Manaja ya je taro ya yi jawabi a kansa, aka tafa masa, ya dawo ya dafa kafaɗar Kawu ya ce haka ake son aiki. Kawu ya yi niyyar hawa rufin washegari. Niyyar tana nan har yanzu, ba a taɓa ta ba.

Ranar Talata famfo ya gaji da zama talatin da takwas. Ya ƙame. Ɗan ruwan da ya rage ya maƙale a siririn bututun nan da babu shi a zane. Babban inji ya yi ta narka roba babu mai sanyaya shi, har ya fara narka kansa. Kawu na zaune a kujera mai juyi yana kallon kore, sai matar da ke sharar ƙasa ta turo ƙofa da tsintsiya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi allon, ta dube shi, ta ce, "Kawu, ƙanin ya ce lafiya lau, amma yayar fa hayaƙi take yi."

An gode Allah babu wanda ya ji rauni. An kashe wutar, amma kafin nan ta lashe wayoyin da ke hawa ofis. Kawu ya dawo fuska baƙi ƙirin, ya tarar da marigayi a kan gargara. Ya yi tiiit irin na gaisuwar safe, ya nuna masana'anta tsaf, kowane bututu kore, sannan ya rufe ido.

Ya rasu ya bar yayarsa masana'anta, tana kwance ba ta motsi, an ce sai bayan wata biyar. Ya bar ubanni uku, dukansu cikin ƙoshin lafiya. Ya bar kunnuwa ɗari biyu da goma sha biyu, babu wanda ya san nawa ne ke ji. Ya bar Manaja, wanda tun ranar yake kallon bango. Ya bar injiniya a hanya. Ya kuma bar bokiti dubu shida da aka yi wa masu saye alkawari, waɗanda har yanzu garin roba ne a buhu.

Bayan kwana uku kwamitin bincike ya zauna. Kowane uba ya zo da lauya da fayil a rufe. A nan aka ji cewa masu injin sun yi wata biyar suna kallon zafinsa na hawa a allon ofishinsu. Aka ce me ya hana su yin magana, lauyansu ya ce ba a tambaye su a rubuce ba. Maginan suka ce bututun da ke cikin bango ba za su tattauna shi ba sai an fasa bangon. Masu marigayi suka ce ɗansu bai taɓa ƙarya ba, abin da aka ba shi ya faɗa, kuma wannan gaskiya ne. Manaja ya ce shi aikinsa duba launi ne.

Da safiyar ranar zaman, uwargidan Kawu ta bi shi har bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, kowa zai rufe bakinsa, kai ma ka rufe naka." Amma Kawu mutum ne da in an tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faɗi har da minti. Shugaban kwamiti ya ce ko akwai wanda ya san inda talatin da takwas ta fito. Kawu ya zaro littafinsa na aljihu, ya buɗe a tebur, ya zayyana komai, daga tsuntsayen rufi har gwiwar hagu. Kowa a ɗakin ya duƙufa yana rubutu. Kafin a tashi, kamfanoni ukun nan da suka shekara uku ba su ba juna ko lamba ɗaya ba, sun ɗauki hoton littafin sun tura wa juna, kowa ya tabbatar ɗan uwansa ya samu. A tarihin masana'antar, ranar ce kaɗai aka yi musayar bayanai yadda takardar talla ta ce.

Za a sauke marigayi daga bango ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Mutum huɗu za su ɗauke shi, a bi da shi ta gaban babban injin don su ga juna ido da ido sau ɗaya, sannan a kai shi makwancinsa a sito na baya, tsakanin karyayyun kujeru da bahunan da suka fito a karkace. Ana roƙon masu ɗauka su wanke hannu. Hukumar masana'anta ta sanar cewa an riga an ba da kwangilar sabon ɗan tagwaye, kuma don kada zumunci ya yanke, ubanni ukun nan dai aka sake ba.

Kawu ba zai samu halartar binnewa ba. Jiya aka miƙa masa takardar sallama bayan shekara ashirin da biyu, aka karɓi makullai da rigar aiki, maigadi ya raka shi yana kallon ƙasa. Saboda haka za a karɓi ta'aziyya a bakin babbar ƙofa, ta waje, a kan bencin masu jiran mota, daga safe har rana ta kore shi. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Amma wanda ya san inda ake neman makanike ɗan shekara hamsin da huɗu, don Allah kada ya ce sirrin kamfani ne.