Wayar Wanzami da Ƙasar Hukuma

Jama'a, yau da rabin aski na yi hantsi. Ina zaune a shagon wanzaminmu, ya gama gefen dama ke nan, sai ga Ranka-ya-daɗe Mai Duba Wayoyi ya shigo da littafin doka mai kaurin matashin kai. Abin da ya kawo shi, sabuwar fitilar talla da wanzami ya kafa a ƙofa, irin bututun gilashin nan mai jan haske, an lanƙwasa shi siffar almakashi.

"Wa ya haɗa wannan?"

Aka kira mai wayarin da ya haɗa wutar daga shagon kusa. Ya nuna koriyar waya da ta fito daga ƙarfen fitilar ta nutse a gindin bango, ya ce, "Yallaɓai, ga ta nan. In wuta ta ɓalle, ƙasa za ta bi, ba jikin mutum ba."

Yallaɓai ya lashi yatsa ya buɗe shafi. "Doka ta ce a haɗa waya da ƙasa, gaskiya ne. To wa ya ba ku ƙasar? Ƙasa ai ta hukuma ce. Ina takardar izini?"

Kun ji ilimi! Shekara hamsin ina taka ƙasa, ashe shiga hurumin manya nake yi.

Wanzami ya marairaice. "Yallaɓai, bakin mutum tara ke ci a shagon nan."

"A cire wayar, ko in garƙame shago."

Mai wayarin ya ce akwai hatsari. Yallaɓai ya ce hatsari ba ya cikin wannan shafin. To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Aka cire. Yallaɓai ya dafa ƙarfen fitilar zai manna takardar shaidar dubawa, sai wutar da ta kwana tara ba mu gan ta ba ta ga dama ta dawo.

Ban san mai tumbi na iya tsalle haka ba. Littafi ya yi gabas, hula ta yi yamma. Da ya dawo hayyacinsa, ya ce, "A mayar! Shafi na gaba ya yarda."

Aka mayar, shago ya tsira. Wanzami na wasa aska ya raɗa wa mai wayarin, ko zai iya ja wa kujerun wasu ofisoshi irin wannan wutar? Ni dai ban ji komai ba, kunnena cike yake da kumfa.