Buhu Biyu a Kan Nomau

Duk kasuwar hatsi ba wanda bai san Nomau ɗan dako ba, don ko ba ka tambaya ba shi zai gaya maka. Ya buga ƙirji, ya ce, "Ni ne Wuyan Bijimi! Ran da aka haife ni ungozoma ta nemi wuya ta rasa, sai gungume!"

Shekara ashirin da bakwai yana dako. Ashe ana cin ƙasa, ƙasa na cin mutum. Wuya ya fara ƙas-ƙas, yatsu na zirr kamar tururuwa na bi. Waiwaye ma sai ya juya gaba ɗaya, kamar tirela a lungu. A ɓoye ya je asibiti.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin wuyansa ya ce, "Malam Nomau, tsakanin ƙasusuwan wuya akwai ɗan abu mai laushi, kamar gammo. Naka kuwa, ɗaukar kaya ta cinye shi. Ka bar dako."

"Likita, rufa mini asiri! Jibi za a zaɓi Sarkin Dako!"

Ga Jatau, abokin takararsa, sabon jini. Sai Nomau ya samo buhu biyu, ya danƙara musu ƙaiƙayi, ya ɗinke tsaf.

Ranar zaɓe Jatau ya kai buhun masara guda bakin tasha, yana haki. Nomau ya taɓe baki.

"Guda? Yaro man kaza! Ku matsa. Kar wanda ya ɗora mini, kar wanda ya taɓa!"

Ya yi nishi, "Hiiiyya!" Ya zare ido. Ya cilla buhunan nan nasa biyu a ka. Kasuwa ta ɗauka: "Sai Bijimi!"

Ya kama hanya yana rangaji, yana "Uhm! Uhm!" Da ya zo rumfar Iya Tabawa mai kunu, bakin kwanon rumfar ya zare buhun sama. Fuu, ya sauka ko ƙara babu. Nomau bai ji an rage komai ba, ga wuya ba ya waiwaye. Ya ci gaba da nishin buhu biyu.

Sai ihu ya koma dariya. Shi kuwa ya zaci kirari ne, har da ɗaga hannu.

"Nomau! Kai, ɗan nan, tsaya!"

Ya juyo, shi da ƙafa da kaya gaba ɗaya. Ga Iya Tabawa, tsohuwa tukuf, tana ɗingishi. Ludayi a hannun dama, buhu na reto a hagu.

Jatau ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki.

Iya ta ce, "Ka yar da kayanka. Miƙo ɗayan ma in haɗa in kai maka tasha, ɗan nan. Wannan nishi naka har ya tsinka mini kunu."