Ranar da Na-Sani Ya Gyara Sabar

"Ni fa jarabawar nan ko da ƙafa zan taɓa kibod sai na ci. Satifiket ɗin ne ma yake nemana, ba ni nake nemansa ba."

Maganar Na-Sani ke nan, abokina, a gaban dukanmu 'yan aji, yana karkaɗa makullin wata mota da har yau ba wanda ya taɓa gani. Mu muka raɗa masa sunan, don ko cewa ka yi cikinka na ciwo sai ya ce, "Na sani." Ni ne mai ƙaramar sa'ar da kujerarsa ke kusa da tawa a cibiyar da muke koyon kula da sabar.

Sabar babbar kwamfuta ce mai ɗauke da ƙananan kwamfutoci a cikinta, kamar gidan haya da 'yan haya. Uku ne a cibiyar, suna kulle a wani ɗaki mai sanyi a ƙasan bene. Daga aji muke shiga cikinsu ta netwok, kowa da laftof ɗinsa, kuma adireshin da ke kan katin netwok na sabar shi ne ƙofar shigar. Ba adireshi, ba shiga.

Ranar gwajin ƙarshe ce. Wanda ya ci, Malama ta tura sunansa babbar jarabawa, wanda ya faɗi ya jira wani zagayen. Mu aikinmu yana cikin ƙananan kwamfutocin, shi kuwa gogan naka aka ba shi mafi sauƙi.

"Ka shiga kowace sabar ka duba adireshin katunanta, ka gaya min," in ji Malama. "Dubawa na ce. Kada ka taɓa komai."

"Na sani, Malama."

Aka kira ta a waya ta fita. Na-Sani ya naɗe hannun riga, ya buɗe sabar ukun a allonsa, ya buga umarni. Can sai na ji ya zunguro ni da gwiwar hannu.

"Malam, zo ka ga abin kunya. Sabar ta farko, 127.0.0.1. Ta biyu, 127.0.0.1. Ta uku ma haka. Gida uku, lamba ɗaya. Shekara da shekaru ana zaune a kan ɓarna ba wanda ya lura sai da na zo."

"Ai wannan lambar..."

"Na sani."

"Me ka sani?"

"Duk abin da za ka faɗa."

Na koma kan allona, don ni ma gwajina nake yi. Farfesan baki ya ce ba zai kai wa Malama ciwo ba tare da magani ba. Zai goge adireshin duk katunan, ya sake raba musu sababbi da hannunsa mai albarka. Ya buga umarnin gogewa a sabar ta farko. Allon ya tsaya cik.

"Ka ga ta yi shiru," ya ce. "Tunani take yi. Magani ya fara shiga."

Ya buga a ta biyu, ita ma ta shiga tunani. Daga baya wata da muke kira Anti, babbar ajinmu, ta cire tabarau ta ce kwamfutarta ta daina motsi.

"Laftof ɗinki ne ya tsufa, Anti," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba. Ya buga a ta uku.

Nan tawa ta tsaya, ta kowa ta tsaya. Na-Sani ya dawo don raba sababbin adireshi, ya danna, ya sake dannawa, ko harafi ɗaya bai fito ba. Ya girgiza laftof, ya hure kibod, ya zare wayar netwok ya lashi bakinta ya mayar. Mutumin ya goge ƙofar da yake shiga ta ciki, yana tsaye a waje da guntun magani a hannu. Gumi har cikin kunnensa, ga fanka tana juyawa.

Malama ta shigo ta tarar da aji kamar gidan makoki.

"Wa ya taɓa sabar?"

"Gyara na yi, Malama. Na kama su ukun da lamba ɗaya."

Ta dube shi. "Wannan lambar kowace kwamfuta a duniya tana da ita, da ita take magana da kanta. Taka ma tana da ita. Darasin ranar farko ne."

Ya buɗe baki don ya faɗi abin da ya saba, Anti ta ce, "Faɗa mana, ɗan'uwa, muna jira." Ya mayar ya rufe.

Malama ta tasa ƙeyarsa zuwa ɗakin sanyi. Babu tebur a ciki, don haka shi ya rungumi allo a ƙirji yana rawar ɗari, ita tana mayar da adireshi sabar bayan sabar. Mu aka sake mana gwaji, muka ci. Shi kuwa har ya iya tambaya, da haƙora na kaɗawa, ko sunansa zai tafi babbar jarabawa.

"Zai tafi, in ka gama ajin 'yan koyo. Gobe da safe suke farawa."

Washegari, gaskiya, na je kallo. Ajin cike yake da dattawa 'yan fansho masu koyon riƙe mawus. Kujera ɗaya ta rage, kusa da wani tsoho mai furfura. Na-Sani na ganinsa ya durƙusa, don mahaifin matarsa ne, wanda ashe gogan ya daɗe yana gaya masa cewa shi ne ke koyarwa a cibiyar.

Tsohon ya share masa kujera da hannu.

"Zauna nan kusa da ni, ɗana, kada ka ji komai. Ka ga wannan maɓallin? Da shi ake kunnawa. Kashewa kuwa na ji an ce ka ƙware."