Yadda Darakta Ya Haifi Ɗa Mai Gemu

Duk wanda bai san Alhaji Badaruddeen ba, to bai shigo Dutsin-Ma ba, ta bayan gari ya wuce. Shi ne bawan Allahn da ya fitar da mu daga duhun shayin bakin titi. Tun da jirginsu ya yada zango a Dubai a hanyar Umara, ya ga Larabawa na kurɓar gahawa, ya dawo da tausayinmu fal cikinsa. Ya buɗe gidan gahawa kusa da masaukin ɗalibai, ya kuma haramta a kira shi mai shayi. Darakta ne. A bayan idonsa Na-Dubai muke ce masa, ko da yake iyakar Dubai ɗin da ya sani kujerar jiran jirgi ce.

Babban abin alfaharinsa shi ne Sabitu, wani saurayi mai gemu daga Birchi ta ƙasar Kurfi, maraya, wanda aka sa wa ranar aure bayan kaka. Darakta ya ɗinka masa riga mai tambari, ya naɗa shi Babban Jami'in Tururi. Albashi dai na yaron mai shayi ne, amma muƙamin ya isa a ci da tuwo.

"A kamfanina ma'aikaci sarki ne," in ji Darakta duk sanda shago ya cika. "Tsarin ƙasashen waje muke bi. Ko ƙaya ta soki ma'aikacina, kamfani ne zai yi ɗingishi."

Injin gahawar na gwanjo ne, ya girmi Sabitu. Yana da wata 'yar kafa da tururi ke fita yana fito. Darakta ya ce fiton na damun manyan baƙi, ya sa aka toshe ta aka ɗaure da waya. Injin ya yi shiru kamar mai biyayya, har wata safiya da ya amayar da duk abin da ke cikinsa a hannun daman Sabitu. Fata ta saluɓe. Likita ya ce sai an yi masa aiki a Katsina da wuri, in ba haka ba yatsun za su ƙage. Ga kuma dangin amarya sun fara tambayar da wane hannu ango zai ciyar da 'yarsu.

Kamfani bai yi ɗingishi ba. Ya dai aika da kwalbar zuma da saƙon Allah Ya ƙara sauƙi.

Dada, mahaifiyar Sabitu, ta hawo mota daga Birchi ta kai maganar gaban Mai Unguwa Lawal. Ta ji an ce wanda ya ji ciwo a bakin aiki, magani da diyya na kan mai wurin. Darakta ya iso cikin babbar riga, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure.

"Ranka ya daɗe, wannan doka ta ma'aikata ce," ya ce yana gyara hula. "Sabitu kuwa wane ne ya ce ma'aikaci ne? Ɗana ne! Ni ne ubansa duniya da lahira. A ina aka taɓa jin ɗa ya karɓi diyya wajen ubansa?"

Ya waiga yana jiran a yaba. Dada ce ta fara, har da guɗa.

"Alhamdu lillahi! Alhaji, Allah Shi biya ka. Tun da uban wanga yaro ya rasu nike kukan wa za ya tsaya mai. Ashe ubanai na Dutsin-Ma! To biki ya matso. Sadaki da lefe da ɗakin da za a sa amarya, ka san ba aikin uwa ba ne. Jama'a ku shaida."

Zaure ya ɗauka, "Mun shaida."

Mai unguwa ya ce wa Darakta cikin ladabi, ya zaɓa: ko ma'aikaci, ko ɗa, kuma shi ma uba yakan kai ɗansa asibiti. Darakta ya auna. Diyya a ɓoye ake biyanta, ba mai ji. Biki kuwa akwai maroƙa. Ya zaɓi zama uba, ya ce maganar Katsina a bari a ga bayan hidima.

An sha biki a Birchi, ba ƙarya. Maroƙa suka yi ta "Uban ango, Na-Dubai, gatan marayu!" shi kuma yana liƙi har hannun rigarsa na kaɗawa. Ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo kan jin ƙan na ƙasa. Sannan ya kira mai hoto, ya miƙa wa ɗansa hannu a gaban jama'a.

Sabitu ya ɗago na dama. Yatsun sun riga sun dunƙule, sun ƙi buɗuwa. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska.

Hoton na nan rataye a gidan gahawa, saman sabon inji. Darakta ya yi kyau ƙwarai. Ya dai sa mai hoto ya yanke daga kafaɗa zuwa ƙasa, wai hannun yana ɓata tsari.